Shin makarantun ƙauye ne suka durƙusar da harshen mutanen Ailan?

Tambaya: Malam, na ji an ce a da a ƙasar Ailan ana rataya wa yaro itace a wuya idan ya yi yarensu a makaranta, kamar yadda ake cin tarar mai yin Hausa a wasu makarantunmu. Gaskiya ne? Kuma abin da ya karya harshen ke nan?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunan itacen bata scóir a harshensu na Gaeilge. Guntu ne da ake ɗaura wa igiya. Duk sanda yaro ya yi yaren gida sai a yi masa tsaga ɗaya da wuƙa, daga baya a ƙirga, yawan tsaga yawan bulala. Abin da ya fi ciwo, a wurare da dama iyaye ne ke yin tsagar a gida, malam ya zartar da hukunci da safe.

Sai dai itacen ba ya cikin dokar makarantu. Babbar ɓarnar tana cikin manhaja. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 Turanci zalla suke koyarwa, har a ƙauyukan Donegal da Connemara, can yammacin ƙasar, inda yaro ba ya jin ko kalma ɗaya. Sai ya haddace abin da bai fahimta ba. Sufeton makarantu Patrick Keenan ya yi ƙorafi kan haka a 1855, ya ce a fara da harshen uwa, ba a saurare shi ba. Daga 1872 kuma aka ɗaura wani ɓangare na albashin malami kan sakamakon jarabawar Turanci da lissafi. To, wane malami zai ɓata lokaci kan abin da ba ya kawo abinci? A 1878 aka yarda a koyar da Gaeilge, amma bayan an tashi daga makaranta. Sai 1904 aka amince da karatu da harsuna biyu.

Ga kuma yunwar 1845 zuwa 1852: wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ya yi hijira, kuma talakawan yammacin ƙasar masu yin Gaeilge ta fi ɗiba. Uwar da ta san ɗanta Amurka zai nufa neman abinci, Turanci take so ya iya. Ban ga laifinta ba.

In kana son jin bakin waɗanda abin ya shafa, tsakanin 1937 da 1939 ɗalibai sama da 50,000 sun rubuta abin da tsofaffin garuruwansu suka faɗa musu. Ana iya karanta rubutun a shafin dúchas.ie.