Sarki a fada, iko a majalisa: amsa daga Birtaniya

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na ga tambayarka game da yadda mu Hausawan da muka daɗe a Birtaniya muke hulɗa da hukuma a ƙasar da ke da sarki kuma take da majalisar dokoki, da kuma wanda muke kai wa kuka idan abu ya dame mu. A gaskiya babu mai dosar fada da koke, domin sarautar ta Sarki Charles na Uku ce, amma wuƙa da nama suna hannun majalisar wakilai.

Wannan majalisa tana da kujeru 650, kowace mazaɓa da wakilinta ɗaya, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da bai samu rabinsu ba. Ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye shi sarki yake gayyata ya kafa gwamnati, ministocinsa kuma daga cikin 'yan majalisa suke fitowa, kuma duk ranar Laraba da tsakar rana, muddin majalisa na zama, sai ya miƙe ya amsa tambayoyi ido da ido. Ranar da 'yan jam'iyyarsa suka juya masa baya kuwa, nasa ya ƙare, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da Liz Truss ta sauka ba ta cika wata biyu ba. Dattawan da suka ga zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa ba za su ji wannan tsari baƙo ba.

Akwai majalisa ta biyu, ta dattawa, wadda ba a zaɓen mambobinta. Yawancinsu naɗa su ake yi har ƙarshen rayuwa, sannan an ware kujeru 26 domin manyan limaman cocin Ingila. Aikinta gyaran ƙuduri ne, kuma tun bayan dokokin 1911 da 1949 iyakarta ta jinkirta ƙudurin kuɗi wata ɗaya, sauran kuma kimanin shekara guda.

Sarki shi ne yake amincewa da ƙuduri kafin ya zama doka, sai dai rabon da mai sarauta ya ƙi amincewa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Wanda yake son ya fahimci matsayinsa sai ya kalli bikin buɗe majalisa. Sarki yakan zo da kambi a kansa ya zauna a zauren dattawa, sai a aiki wani jami'i mai baƙar sanda ya kirawo wakilai, su kuma su rufe masa ƙofa a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe. Ana danganta wannan da abin da ya faru a 1642, sa'ad da Charles na Ɗaya ya kutsa zauren wakilai domin ya kama mutum biyar daga cikinsu, rikicin da ya kai ga yaƙin basasa da fille masa kai a 1649. Jawabin da sarki yake karantawa a ranar ma gwamnati ce ta rubuta masa, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba.

Ta ɓangarenmu, abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru da ke da izinin zama yana iya rajista ya jefa ƙuri'a tun bai zama ɗan ƙasa ba, albarkacin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. 'Yan'uwanmu na Nijar, da muke sahu ɗaya da su a masallaci, ba su da wannan dama a zaɓen majalisar wakilai sai sun karɓi shaidar zama 'yan ƙasa, kuma a wurin karɓar ne mutum yake yin mubaya'a ga sarki da magadansa. Su ma 'yan majalisa dole ne su yi irin wannan rantsuwa kafin su zauna, shi ya sa wakilan jam'iyyar Sinn Féin daga Arewacin Ireland, waɗanda ba su yarda su yi wa sarki mubaya'a ba, suke cin zaɓe amma su bar kujerunsu wayam.

Ranar Alhamis ake zaɓe, babu hutu, daga bakwai na safe zuwa goma na dare, mutum ya biya kan hanyarsa ta zuwa aiki ya yi alama da fensir ya wuce. Bayan zaɓe, yawancin wakilai sukan ware lokaci, galibi ranar Juma'a, su zauna a ɗakin karatu ko zauren unguwa suna sauraron jama'a ɗaya bayan ɗaya, kuma can muke tura duk wanda takardunsa suka maƙale ko maganar gida ta cakuɗe masa. Abu na farko da za a tambaye shi shi ne adireshinsa, domin wakili ba ya karɓar koken wanda ba ɗan mazaɓarsa ba, amma ba a tambayar jam'iyyar da ya zaɓa. Wakilin ba shi da ikon soke hukuncin ma'aikata ko na kotu, kuma muna gaya wa sababbin zuwa haka tun da wuri, sai dai idan ya rubuta wa minista wasiƙa a madadin mutum, ma'aikatar takan ba da amsa a rubuce.