Amsa: Abin da ke raba muryar mawaƙi gida biyu a sifikar ilektirostatik mai wufa

Ɗan'uwa, ka ce sifikar da ka saurara a kasuwar Alaba tana sa ka ji kamar ƙirjin mawaƙi na ƙasa, bakinsa na sama. Kunnenka bai yaudare ka ba, aikin kurosoba ne, wato mahaɗar mitar sauti inda wufa (lasifikar ƙasa mai fitar da sauti mai kauri) ke miƙa sauti ga faifai siriri na sama mai aiki da cajin lantarki, wanda ake kira ilektirostatik.

Tushen muryar namiji, wato mitarta mafi ƙasa, yana tsakanin 85 zuwa 180 Hz (ma'aunin mitar sauti), ta mace kuwa 165 zuwa 255 Hz. A sifikar ElectroMotion ESL ta kamfanin MartinLogan mahaɗar tana 500 Hz, ka ga tushen muryar duka yana hannun wufa, faifan sai abin da ya hau sama. A sifikarsu Impression ESL 11A an sauke ta zuwa 300 Hz domin faifansa ya fi girma, shi ya sa murya ta fi haɗuwa.

Amma lambar kaɗai ba ta isa ba. Faifan yana fitar da sauti gaba da baya, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa da nisa kamar na wufa. Idan ka matsa baya, sai kaurin muryar ya ragu, saman ya rinjaye. Don Allah ka janye sifikar daga bango kamar mita ɗaya, ka gwada wuraren zama daban-daban, da karatun muryar namiji zalla, ba kiɗa.

Kuma laimar iskar Legas tana rage cajin faifan, wufa ya danne shi. Ka kunna na'urar sanyaya ɗaki tukuna kafin ka yanke hukunci.