Shan giya ga mai kwana da na'urar CPAP

Ɗan'uwa, ka ce numfashinka na ɗaukewa cikin barci, likita ya ɗora ka a kan CPAP, na'urar da ke hura maka iska ta abin da ake ɗaurawa a fuska don hanyar numfashi ta zauna a buɗe, kana tambaya ko giya za ta hana ta aiki.

Na'urar za ta yi aiki, amma giya na ƙara mata wahala. Tana sassauta tsokar maƙogwaro da harshe, sai hanyar iska ta riƙa rufewa fiye da kullum. Tana kuma jinkirta farkawar da ke cetonka idan numfashi ya tsaya, oksijin ɗin jini ya ƙara sauka. Ga toshewar hanci: baki ya buɗe, iskar ta zurare ta nan.

Barin giyar ya fi. In ba ka kai nan ba, ka bar aƙalla awa 4 tsakaninta da kwanciya, ka kwanta a gefe, ba rigingine ba. Babban kuskure shi ne barci ya kwashe ka ba ka ɗaura abin fuskar ba. Ka tanadi batir kuma, ka san yadda wuta ke ɗaukewa a Damagaram lokacin zafi. Idan kana jin tashin zuciya, kada ka sa mai rufe baki da hanci, amai na iya shiga huhu.

Kada ka haɗa giya da tramol, kodin ko maganin barci, haɗin na iya tsayar da numfashi. Kada ka taɓa saitin ƙarfin iska da kanka. Duba lambar AHI a na'urar da safe, wato sau nawa numfashinka ya ɗauke ko ya ragu a kowace awa ta barci. In tana yawan wuce 5, gaya wa likitanka gaskiyar abin da kake sha. In kullum kake sha da yawa, kada ka daina farat ɗaya, yana iya jawo farfaɗiya. Fara zuwa babban asibitin Zinder.