Tambaya da Amsa: Kakan Mahaifina Bafatake Ne, Amma Labarinsa Ya Rabu Biyu

Tambaya

Assalamu alaikum. A gidanmu ana yawan ambaton kakan mahaifina, wanda kowa ke kira Baban Gwanja saboda fataucin goro da ya yi. Duk shekara idan azumi ya kama, mahaifinmu yakan sayi goro ya raba a masallacin unguwa da sunan sadaka a gare shi. Na yi niyyar rubuta tarihinsa domin 'ya'yana, sai na tarar da saɓani. Goggona ta ce yana Salaga lokacin da yaƙi ya ci garin, har ya rasa jakunansa. Baffana kuwa ya ce sai da aka kori baƙi daga Ghana ya dawo gida. Kowannensu ya rantse haka ya ji daga manya. Wa zan gaskata, kuma ta ina zan fara?

Daga wata mai karatu a Kano

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin ki yanke wa ɗaya daga cikinsu hukunci, ki ɗora labaran biyu a kan shekaru. Yaƙin basasar Salaga, garin da ke ƙasar Gwanja a arewacin Ghana ta yau, wanda ya watsa kasuwar garin ya tarwatsa fatake zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, ya faru ne a 1892. Dokar korar baƙi marasa takardun zama kuwa gwamnatin Ghana ta Firaminista Busia ce ta fitar da ita a ƙarshen 1969. Tsakaninsu shekara 77 ke nan. Idan kakan naku yana da shekara ashirin a lokacin yaƙin, wato ƙuruciyar da mutum zai iya mallakar jakuna a ayari, to zai kasance yana dab da shekara ɗari lokacin korar. Abin zai iya yiwuwa, amma da wuya ƙwarai, kuma da dattijo mai irin waɗannan shekaru ya dawo cikin motar 'yan gudun hijira, da tsufansa ne abu na farko da za a riƙa ba da labari.

Abin da na fi zato shi ne goggonki da baffanki duk gaskiya suka faɗa, sai dai mutum biyu suke magana a kai. Al'adarmu ce a mayar wa jariri sunan kakansa, sannan a sakaya sunan da laƙabi irin su Abba ko Baba, domin iyaye ba za su iya kiran sunan mahaifinsu gatsau ba. Ga kuma alkunya, wadda ke hana mace faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Idan aka yi shekara hamsin ana cewa Baba, ana cewa Malam, ana cewa mai gidan nan, sai kaka da jikansa takwaransa su narke su zama mutum guda a bakin 'yan baya, musamman idan sana'arsu ɗaya ce kuma ƙasa ɗaya suka je. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki zauna da dattawan gidan ki jera sunayen yanka, daga mahaifinki zuwa sama, kina tambayar wa aka yi wa takwara da wa.

Daga nan sai ki koma ga sana'ar kanta, domin sanin yadda aka yi fataucin Gwanja zai koya miki irin tambayar da za ki yi. Goro ba a Gwanja yake fitowa ba. Daga kurmin Asante ake kawo shi, Salaga kasuwa ce da mutanen kudu da na arewa ke haɗuwa. Ayari yakan tashi daga Kano da rani ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafin rini da kayan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta wajen Nikki da Djougou, ana biyan kuɗin fito da na wucewa ga sarakunan hanya, kuma tafiya da dawowa takan cinye watanni masu yawa. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, kuma a kowane zango akwai mai masauki da ke karɓar baƙi ya haɗa su da masu saye. A dawowa aikin ya fi wuya, domin dole a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. To, ki tambaya: kakan naku madugu ne, ko mai jakuna ne a ayarin wani, ko yaron gida ne da ake aika? Zuriya takan ɗaga darajar kakanta ba da niyyar ƙarya ba, har kowane bafatake ya zama madugu bayan rasuwarsa, alhali ayari guda madugu ɗaya gare shi.

Ki kuma binciki asalin gidan. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci, kuma Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, daga cikin Agalawa yake, ya kuma yi fataucin goro kafin ya shiga cinikin gyaɗa. Zanen fuskar tsofaffin gidanku, da garin da ake cewa can ne tushe, da mutanen da kuke wasan barkwanci da su, duk shaidu ne da ba sa sauyawa da sauƙi kamar labarin baki.

Tsofaffi ba sa ƙidayar shekara da lamba, amma suna riƙe da zamani, kuma wannan ya ishe ki. Idan aka ce abu ya faru a yaƙin Tukur da Yusufawa, wato basasar Kano, ana nufin tsakanin 1893 da 1895. Zuwan Nasara Kano 1903 ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ne ya ƙarasa kashe tsohuwar hanyar jakuna, domin goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau jirgi. Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman ya biyo shi zuwa 1926, sai Abdullahi Bayero har 1953. Babbar yunwar da wasu ke kira Kakalaba ta auku a 1914. Maimakon ki ce wa goggo a wace shekara aka haifi wane, ki ce mata a zamanin wane sarki, kafin yunwa ko bayanta.

Ina ba ki shawara ki fara da mata. Maza sukan riƙe sunan gari da yawan dukiya, amma mata ne suka san wace ce uwar wane, wace aka auro daga hanya, wace aka baro a can da 'ya'ya. Fatake da yawa sun yi aure a zangunan Kumasi da Accra da sauransu, kuma ba abin mamaki ba ne idan wanda baffanki ke nufi ɗa ne da aka haifa a can. Ki zauna da kowa shi kaɗai, domin idan kika haɗa goggo da baffa wuri guda, ƙarami zai yi shiru don girmamawa, ki rasa rabin labarin. Ki nemi izini ki naɗi muryarsu a waya, ki rubuta ranar da sunan wanda suka jiyo daga bakinsa, tunda cikinsu babu ganau a kan 1892.

Akwai wani abu da ya kamata ki shirya masa zuciya. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma ayarin wancan zamani ya yi amfani da bayi wajen dako. Kina iya tarar da cewa kakan naku ya mallaki bayi, ko wata kakarku kuyanga ce, ko ma shi kansa daga bauta ya fanshi kansa. A ganina bai dace a share wannan daga rubutun ba, sai dai a yi shawara da manya kan abin da za a bar wa 'yan gida kawai da abin da za a fitar waje.

Game da takardu, kada ki sa rai da samun sunansa a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko a Arewa House, domin rahotannin Turawa sun fi ambaton sarakuna da hakimai da manyan attajirai, ko da yake za su ba ki hoton zamanin. Abin da ya fi amfani yana iya kasancewa cikin tsohuwar adaka a ɗakin wata tsohuwa: wasiƙar ajami, ko takardar rabon gado daga alƙali, ko bangon Alƙur'ani inda malamai kan rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa da lissafin Hijira.

Sadakar goron da mahaifinku ke yi ita ma shaida ce. Ki tambaye shi wa ya fara ta, kuma ko da can a azumi ake yin ta ko a wani wata daban aka mayar da ita, domin sau da yawa irin wannan sadaka tana bin watan da mutum ya rasu ne. Idan ya ce tun yana yaro, kafin 1969, ya tarar mahaifinsa yana yin ta, to wanda ake yi wa sadakar ya riga korar baƙi rasuwa, kuma Baban Gwanja na goggo daban yake da na baffa.