Kada ka mayar da faifan nan, ba jabu ba ne

Malam, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka sayi faifai an rubuta The Jacksons maimakon Jackson 5, wato ƙungiyar mawaƙan nan ta su Michael Jackson da 'yan'uwansa, babu yayansa Jermaine a hoton, kuma wani ya ce maka jabu ne. Don Allah riƙe abinka! Irin wannan maganar ce ta raba ni da nawa faifan The Jacksons ɗin mai suna Destiny.

Yayana marigayi ne ya bar min shi, faifan 1978, mai zanen su biyar a saman baƙaƙen sunan faifan kamar an sassaƙa su a dutse, hadari ya haɗo a bayansu. Ko ƙarzanewa bai yi ba. Na kai wa wani mai gyaran garmaho ya canja min allura, na tafi da faifan don a gwada. Ya juya kwalin, ya taɓe baki, ya ce ai waɗannan 'yan kwaikwayo ne, na ainihi tambarin kamfanin faifai na Motown ne a jikinsu. Ya ce in bar masa a madadin kuɗin gyara, wai taimakona ya yi. Har godiya na yi masa, wannan godiyar ce ke cina har yau. Bayan sati biyu na biyo ta shagon na ji waƙar Shake Your Body ta cikin faifan na tashi, ga kwalin a jingine cikin gilashi da farashi a manne. Na yi magana, ya ce shi bai taɓa ganina ba. Mutumin da muka sha shayi tare! Na bar shi da Allah, amma rabona da bin layin nan na manta.

Abin da ya faru shi ne mawaƙan sun bar Motown a 1975 suka koma kamfanin Epic, kuma sunan Jackson 5 mallakar Motown ne, dole suka sake suna. Jermaine bai bi su ba, yana auren Hazel, 'yar Berry Gordy mai kamfanin, ka ga suruki ba ya tashi haka nan. Sai ƙaninsu Randy ya shiga gurbinsa. Saboda haka duba tsakiyar faifanka: in Epic ne, Randy na nan, Jermaine babu, daidai ke nan. Sai a Victory na 1984 za ka gan su su shida.

Ni in ka tambaye ni, na Epic ma sun fi daɗin saurare. I Want You Back da ABC da The Love You Save da I'll Be There duk sun hau lamba ɗaya a Amurka a 1970, ban musa ba, amma a lokacin rubuta musu ake yi su rera. A Destiny da Triumph na 1980 ne suka riƙe ragamar aikin da kansu. Na san 'yan Motown na gidan nan za su taso min, bismillah.

Kuma kada ka ba kowa aro, ko ɗan ɗakinku ne. Kada ka jibge faifai a kwance, zafin bazara zai lanƙwasa shi, a tsaye ake jera su. Da Tito, ɗaya daga cikinsu, ya rasu a 2024 na so in saka Destiny in ji jitarsa, sai a waya na nemo.

Turo mana hoton bayan kwalin mu gani.