Amsoshin Tambayoyinku: Malamin da Ya Koyar da Kuskure

Malam, "gemu ba ya hana ilimi" ake rubutawa ko "ilmi"?

Duk biyun suna nan a rubuce. "Ilmi" ya fi kusa da Larabcin da aka aro shi, "ilimi" kuma shi ya fi zama a bakin Bahaushe. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kada shafi guda ya ɗauki biyun.

Ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. Na ci karo da kalmar "misteach", abokan aikina suka ce babu ita a Turanci. Akwai ta? Yaya kuma za a faɗe ta da Hausa?

Malama, akwai ta, kuma ta girmi yawancin kalmomin da abokan aikin naki suke taƙama da su. Tun a tsohon Turanci, kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, ana da "mistæcan", daga baya ta koma "mistechen", har ta iso yadda kika gan ta. Ba a cika amfani da ita yanzu ba, shi ya sa suka ɗauka ƙirƙira ce. Wannan ɗabi'a tana ba ni mamaki: mutum bai taɓa jin kalma ba, sai ya yanke hukuncin babu ita, alhali ƙamus na nan a ofishin shugaban makaranta yana shan ƙura.

Gaɓa biyu ce. Ta farko "mis-", ɗafi ne mai nuna an yi abu ba daidai ba, dangin "miss" ne, wato kuskurewa. Shi ne a "mislead" da "misdeed". Amma a lura, ba kowane "mis-" ne ɗan gida ba. Na "mischief" da "misadventure" daga "mes-" na tsohon Faransanci ya zo, zama wuri ɗaya ya sa suka saje. "Mistake" kuwa daga harshen mutanen Sikandinebiya na da aka same ta, ma'anarta ɗaukar abu bisa kuskure. Gaɓa ta biyu ita ta fi burge ni. "Tæcan", kakar "teach", asalin ma'anarta nunawa, kuma 'yar'uwar "token" ce, wato alama. Ashe tun fil azal wanda ya yi "misteach" mutum ne da ya nuna maka abu, amma ya nuna ba daidai ba. Mu ma haka muke cewa: "nuna mini yadda ake ɗaura wannan zare", ba wanda zai ce ba koyarwa ake nema ba.

Shuɗaɗɗen lokacinta "mistaught" ne, kamar "taught". In yara suka tambaye ki amfanin "gh" ɗin nan da ba a furtawa, ki gaya musu da can ana furta shi, wani sauti ne na maƙogwaro mai kama da "kha" ta Larabci. Sautin ya mutu, rubutun ya zauna. "Mistaught" ɗin kuma ta taɓa faɗaɗa har ta kai ga yaron da aka yi wa mummunar tarbiyya, ba wanda aka ba gurguwar amsa a aji kaɗai ba.

Tana da ƙanwa, "miseducate", wadda ta fi ta suna. Carter G. Woodson, masanin tarihi baƙar fata ɗan Amurka wanda ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1912, ya fitar da littafi a 1933 mai suna The Mis-Education of the Negro. Hujjarsa ita ce makarantun ƙasar suna yaye baƙar fata masu takardu, amma an cusa musu raina kansu da tarihinsu. Kin ga bambancin: "misteach" darasi ɗaya ma ya isa, "miseducate" kuwa tsari ne gaba ɗaya da ya karkace.

To, Hausa. Ina roƙon ki kada ki ƙera mana sabuwar kalma. Na ga masu fassara sun kamu da cutar nan ta cewa kowace kalmar Turanci sai an samo mata kalma ɗaya tak, in ba a samu ba wai Hausa ta gaza. Hausa ba ta aiki da ɗafi irin "mis-", da aikatau take rarrabewa, kuma rarrabewar ta fi ta Turancin kaifi. In malami ya yi ne cikin rashin sani, "ya koyar da kuskure" ko "ya koya musu ba daidai ba". In ya kauce da su daga gaskiya, musamman a sha'anin addini, "ya ɓatar da su". In hali ya lalata, "ya ɓata musu tarbiyya". Abin da Woodson yake kuka da shi kuwa "gurɓataccen ilimi" ne. Turancin bai gaya miki ko da gangan aka yi ba. Bahaushe sai ya zaɓa.

Wanda aka koya wa kuskure ba jahili ba ne kai tsaye, ya fi jahili wuyar sha'ani. Malamai suna kiran irin wannan jahilci murakkabi: bai sani ba, bai kuma san bai sani ba. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san haka. In almajiri ya yi kuskure a rubutu, malam ya duba allon, ya dangwali yawu ya goge, ya gyara da alƙalami, magana ta ƙare. Amma in kuskuren ya shiga hadda, ya yi ta maimaita shi a bakin wuta har ya zauna, sai a yi wata da watanni ana ja masa baƙi yana komawa gidan jiya. Na san wani malamin firamare, mutumin kirki, da ya shekara da shekaru yana rubuta "yace" da "tace" a haɗe a allo, ba ya kuma sa wa haruffa ƙugiya. Ɗalibansa yau manya ne, suna rubuta "kasa" suna nufin "ƙasa", suna rubuta "bata" ba ka san ko "ɓata" ce ko "ba ta" ba. Ka yi musu gyara su ce ai haka Malam ya koya mana.

Gaskiya ne "boko" daga "book" aka samo ta?

A'a, kuma ga misalin abin da muke magana a kai. An daɗe ana koyar da wannan har a manyan makarantu. Boko kalmar Hausa ce tsohuwa mai nufin algus ko yaudara. Duba ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934, ko ka tuna da "biri-boko" da "amaryar boko". Kakanninmu ne suka laƙaba wa karatun Nasara sunan don sun ɗauke shi holoƙo. Masanin Hausa Liman Muhammad ya faɗi haka tun 1968, masanin harshe Paul Newman ya sake tabbatarwa a 2013. In da "book" aka ara, da wani abu kamar "buku" za mu ce, yadda "cook" ya zama "kuku".

"Na koya Turanci" daidai ne?

Ba daidai ba ne, in kai ne ɗalibin. Ka ce "na koyi Turanci". "Na koya masa Turanci" kai ne malamin, haka ma "na koyar da Turanci". Wasali ɗaya ne tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, a riƙa kula da shi.

A karin maganar nan, "icce" ne ko "itace" tun yana ɗanye ake tanƙwara shi?

Ya danganta da garinku. Basakkwace zai ce icce, Bakano ya ce itace, ba wanda ya yi laifi.