Amsa ga ɗan'uwan da zoɓonsa ya ƙi ɗaukar gas, tukunya kuma ta ƙare

Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, wallahi sannu. Ka ce ka sayi tsohon keg, wato tulun ƙarfen da ake ɗura wa abin sha gas a ciki, mai lita 19, ka cika shi da zoɓo, ka bar rigileta, na'urar daidaita matsin gas, a 12 psi (psi ma'aunin matsi ne) kwana uku, ka ɗanɗana ka ji shi salam. Da ka ƙara matsi sai kumfa zalla ke fita, yau kuma ka wayi gari tukunyar gas ɗin CO2 (na lemon kwalba, ba na girki ba) mai kilo 2 wayam. Na san wannan ciwon, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don Allah kada ka kai tukunyar a sake cikawa sai ka gano inda ake yoyo. Lita 19, ko gas irin na lemon kwalba ka ba shi, abin da zai narke a ciki bai wuce giram 130 zuwa 150 ba, sai wani kusan haka da zai turo zoɓon waje har ya ƙare. Kenan kilo 2 ya kamata ya kai ka keg shida ko bakwai. Naka a iska ya tafi. In a ɗakin da ake kwana kayan suke, fitar da su yau ɗin nan, domin wannan gas ba shi da wari, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya inda yara ke barci.

Abin da ke ci min rai shi ne masu sayar da tsoffin keg ɗin nan. Mutum zai danna maka ɗaya daga bakuna biyun da ke saman keg ɗin, na shigar gas da na fitar ruwa, ka ji "fis", ya ce ai ka ji da kunnenka, yana riƙe iska. Ƙarar "fis" ba gwaji ba ce. Waɗannan keg asalinsu na kamfanonin lemo ne, sun yi shekaru suna ɗaukar ruwan sikari, robobinsu sun bushe sun tsattsage, wasu har yanzu warin tsohon lemo suke yi. Mai sayarwa ya san haka sarai. Zoben roba biyar ne kacal: babba na murfi, biyu na saman bakunan nan biyu, biyu na wuyan bututun ciki, gajere na gas da dogo na ruwa. Maimakon ya canza su ko ya ce maka ka canza, sai ya yi shiru, kai kuma sabon shiga ka je ka yi asarar gas da sikari da zoɓo da kwana uku, ka koma kana zargin kanka. In ka koma masa ya ce kai ne ba ka iya ɗaurawa ba. Wannan ba ciniki ba ne, cuta ce, kuma Allah yana gani. Canza duka biyar ɗin, kada ka tsaya zaɓen wanda ya lalace, ka shafa musu ɗan man shafa roba na kayan abinci, ba girishin mota ba.

Ka duba tsakanin rigileta da bakin tukunya ma. Akwai ƙaramar washa da ke zama a wurin, in babu ita ko ta murƙushe, ko ka ɗaure da sifana har hannunka ya yi ciwo sai ya yi yoyo. Gwajin mai sauƙi ne: cire tiyo daga keg, buɗe tukunya, kai rigileta 30 psi, sannan ka rufe tukunyar ka bar ta awa ɗaya. In allurar agogon rigileta ta sauka, yoyon yana rigileta ko tiyo. In ta tsaya, keg ne. Daga nan sai ruwan sabulu: shafa a gefen murfi, gindin bakuna, ɗan zoben sakin iska da ke kan murfi, da duk mahaɗar tiyo. Inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Murfin keg matsin ciki ne ke danne shi, don haka da ka rufe ka ba shi 30 psi nan take kana ɗaga hannun murfin sama, sannan ka ja zoben sakin iska sau uku ko huɗu don iskar da ta maƙale a sama ta fita.

Kuma ka daina dogara da agogon da ke nuna matsin tukunya. Gas ɗin ruwa-ruwa yake a cikin tukunyar, allura za ta tsaya wajen 800 zuwa 900 psi, da zafin bazara ta haura 1000, ba za ta fara faɗuwa ba sai ya kusa ƙarewa ƙarƙaf. Sikeli ne ke faɗin gaskiya. Nauyin tukunyar ba komai a ciki yana buge a wuyanta, auna ka cire. A tsaye take zama kullum, a inuwa, kada a bar ta a but ɗin mota da rana.

Ba ka faɗi ko keg ɗin yana firji ba, amma ina kyautata zaton a tsakar ɗaki yake. Ruwa mai digiri 30 ba ya riƙe ko rabin gas ɗin da mai digiri 4 ke riƙewa a matsi ɗaya. Sanyaya shi kwana guda tukuna, ya kai digiri 3 ko 4, sannan ka haɗa gas. Shi ma 12 psi da ka gani ana faɗa, kumfa ce mai laushi yake bayarwa. In irin cizon harshen lemon kwalba kake nema, 25 zuwa 30 psi za ka sa, ka bar shi mako ɗaya zuwa kwana goma. In kana gaggawa, kwantar da keg mai sanyi, bakin gas yana sama, ka yi ta mirgina shi minti biyar a 30 psi har ƙarar shigar gas ta ragu, ka mayar firji ya kwana kafin ka taɓa famfo. Kada zoɓo ya kai ga gajeren bututun gas lokacin cikawa, in ya koma da baya cikin rigileta sikari zai manne ta.

Kumfar da ka gani kuwa yawanci tiyo ne ya yi gajarta. A 30 psi, tiyo mai ramin milimita 5 yana son mita 8 zuwa 9, a naɗe cikin firjin shi ma ya yi sanyi. Fara da dogo, in zubar ta yi sanyin jiki ka riƙa yanke rabin mita. Famfo kuma buɗe shi gaba ɗaya, rabin buɗewa kumfa yake haifarwa.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya dame ni: kwana ukun nan da zoɓo mai sikari ya yi a ɗumi, in dai zatona gaskiya ne. Gas ba ya hana shi tsami. In aka ɗauke wuta keg ya ɗumama, ƙwayoyin yis da suka shiga ta citta ɗanya ko abarba za su fara cin sikarin, abin ya juya ya fara zama mai bugarwa ba ka sani ba. Wannan na ciki zubar da shi, na san da ciwo. Nan gaba ka tafasa komai tare, har citta da kanumfari da sikari, ka tace sau biyu da ƙyalle mai laushi, domin ɗan tukar citta kaɗai ya isa ya toshe bakin ruwa. Kada ka jiƙa keg da bilic, yana cin ƙarfen har ya huda. Kunun aya kuwa kada ma ka fara, kwanciya yake yi ya lalace da wuri.

Idan gas ya dawo, fara da ruwa zalla mai sanyi, lita 10, ka auna tukunya da dare ka sake aunawa da safe. Turo mana hoton rigiletar da saman keg ɗin mu ga wane irin baki ne da shi, don robobin sun ɗan bambanta.